Kwamfuta shida, hannu talatin: wa ke saita barcinsu?

Wani malamin makaranta daga Magarya ya kawo mini kuka. Ɗakin kwamfutarsu na da inji shida haɗe da waya, firinta ɗaya, fayilolin kowa kuma suna cikin inji guda. Wani injin yakan yi barci bayan minti biyar, wani ya kwana a kunne yana tsotse batir. Da zarar mai riƙe da firintar ya yi barci, sauran biyar sun tsaya cak.

Malam, injunanka lafiyarsu lau, hannu ne ya yi musu yawa. A zamanin Windows XP kowane asusu da nasa saitin wuta. Tun daga Windows Vista a 2007 saitin ya koma na inji gaba ɗaya, amma aka bar wa kowane mai asusu damar taɓa shi. Ɗalibin da ya gaji da allo na mutuwa yana kallon bidiyo sai ya shiga Options d'alimentation ya zaɓi Jamais, ya tafi abinsa, ya bar wa mutum talatin wannan gadon.

A ƙasar da wuta ba ta ƙiftawa, asarar ta tsaya a kuɗin mita. Mu a nan ta fi haka. Babban layin da ke ba Maraɗi da Damagaram wuta daga Katsina ya taso ta Gazawa, kuma ba mu manta da Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta datse shi har farkon 2024. Ofisoshin da suka koma sola, daga Magarya har Dungas, da batir suke lissafin yini. Ga zafin watan Afrilu da ke haura maki 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Injin da ya kwana a kunne a irin wannan ɗaki kwanansa yake ragewa.

Ka fara da raba injunan gida biyu. Mai riƙe da fayiloli da firinta kada ya yi barci sam a lokacin aiki, allonsa kaɗai zai mutu. Ka kuma shiga Gestionnaire de périphériques, ka nemo katin da wayar sadarwa ke shiga, ka cire alamar da ke ba Windows izinin kashe shi don tsimin wuta. Sau da yawa wannan ƴar alama ce ke sa a tura mota Damagaram ɗauko mai gyara.

Sauran biyar kuwa, ni na fi amincewa da dogon barci, wato veille prolongée. Barci na yau da kullum a ƙwaƙwalwar wucin gadi yake riƙe aikinka, wutar NIGELEC na ɗaukewa ya tafi. Dogon barci kan faifai yake rubuta komai sannan injin ya mutu murus, ko wuta ta yi kwana uku ba ta zo ba, takardar sakamakon da kake shigarwa tana nan. Ka buɗe invite de commandes da iznin administrateur ka rubuta layi huɗu:

powercfg /hibernate on
powercfg /change monitor-timeout-ac 10
powercfg /change standby-timeout-ac 0
powercfg /change hibernate-timeout-ac 30

Allo ya mutu bayan minti 10, inji ya shiga dogon barci bayan minti 30. Ka adana layukan a fayil mai ƙarewa da .bat cikin kilen USB, ka zaga da shi inji bayan inji.

Saura kulle ƙofa, kuma a nan akasari ake sakaci. Idan Windows ɗinku Pro ne, ka buɗe gpedit.msc, ka bi Configuration ordinateur, Modèles d'administration, Système, Gestion de l'alimentation, ka rubuta lokutan nan a can. Daga ranar, wanda ya je canzawa zai tarar da gurbin a daskare. Masu uwar garke, wato serveur, kuwa, sau ɗaya za su yi a kanta ya sauka kan kowane inji. Windows Famille ba shi da gpedit. A nan sai ka sa Planificateur de tâches ya riƙa kunna fayil ɗinka duk lokacin da inji ya tashi, ɓarnar jiya ta goge da kanta da safe.

Kalmar sirrin administrateur mutum biyu kawai za su san ta: kai da mataimakinka. Na san da nauyi a hana babba, amma shugaban makaranta ma asusun kowa ya ishe shi buga wasiƙa.

In kuna da ondilar, wato akwatin batir mai riƙe wuta, guda ɗaya, injin nan mai riƙe da fayiloli za ku ba. Ka haɗa su da wayar USB idan tana da wurin, Windows zai gan ta kamar batir, sai ka saita ya shiga dogon barci tun batirin bai ƙare ba. Ran Juma'a bayan an tashi, ka zare filoginta daga bango ka tsaya ka ga ko ya yi.