Kalmar "Winnow" Da Yadda Ake Amfani Da Ita

A jarrabawar Turanci ta zangon da ya wuce an ba mu wani ɗan labari a kan manoma, aka ce mu faɗi ma'anar "winnow". Ni kuwa sai na zaci mai buga takardar ne ya yi kuskure, "window" yake nufi, na zauna na yi bayanin taga. Haka na yi asarar maki. Abin kunyar shi ne, kowace kaka in muka je hutu ni ke taya Innata wannan aikin, domin kuwa "winnow" ba wani abu ba ne illa sheƙa.

Ku tuna yadda ake yi a masussuka. Mace takan ɗaga ƙwarya sama ta riƙa zubo hatsi cikin wata ƙwaryar. Iska ta kwashe ƙaiƙayi, tsaba kuma saboda nauyinta ta faɗo ƙasa. Bakace da faifai shi ma "winnow" ne ga Bature. Da na duba babban ƙamus a laburare, sai na ga asalin kalmar daga tsohon Turanci ne, "windwian", wadda ta fito daga "wind", wato iska. Ashe ma "window" danginta ce, don asalinta "idon iska" ne.

Amma a lura, kada a haɗa ta da 'yan'uwanta. Sussuka ita ce "thresh", ita ake fara yi. Sheƙa ta biyo baya. Tankaɗen gari da rariya kuwa "sift" ne. Ƙaiƙayin da iska ke kwashewa shi ne "chaff". Wajen faɗa kuma ana cewa "wino", ba a furta harafin ƙarshe.

Kalmar tana da ma'ana ta biyu. In mutum 40 suka nemi aiki, aka yi ta tacewa har saura 5, sai a ce "The list was winnowed down to five." Wannan shi ne abin da Bahaushe ke kira bambance aya da tsakuwa.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, in kun gamu da baƙuwar kalma kada ku yi gaggawa irin tawa. Ku karanta jimlar duka tukuna. Iyayenmu kuma, mun gode, ashe darasin yana gida tun tuni.