Ladan Aiki Ko Riba? Kuɗin Da Banki Ke Yanka A Asusunka

 

Ya 'yan'uwa, darasinmu na wannan mako ya shafi asusun banki na yau da kullum, watau wanda a ke ba mai shi littafin cek. Mutane da yawa na kukan ana yankar musu kuɗi, wasu ma na cewa duk riba ce. To, a nan akwai rarrabewa.

Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Abu Dabi a 1995, ta tabbatar cewa abin da ka zuba a irin wannan asusu rance ne ka ba banki, wajibi ne ya biya ka duk sa'ad da ka nema. Tun a zamanta na Amman kuwa, a 1986, ta halatta karɓar ladan hidimar bashi gwargwadon ainihin ɗawainiyar da aka yi, abin da ya ɗara haka riba ne. Ashe ke nan yankan iri biyu ne. Ladan aiki, kamar na aika kuɗi ko buga littafin cek, halal ne. Ƙarin da a ke ɗora wa bashi saboda jinkiri kuwa haramun ne.

Babbar ƙofar riba a wannan asusu ita ce cirar abin da ya zarce ajiyarka. Banki zai cika maka, sa'an nan ya riƙa lissafa ruwa a kan cikon har ranar da ka biya. Maganinta shi ne kada ka sa hannu a kan wannan yarjejeniya, kuma ka san abin da ya rage maka kafin ka rubuta cek. Cek ɗin da ya dawo don babu kuɗi ya haɗa hasara uku: tara daga banki, da zubewar mutunci, da saɓa alkawari. Tun 1977 dokar Nijeriya ta tanadi ɗaurin shekara 2 ga wanda ya cuci wani da irinsa.

Ladan aiki kuma, halaccinsa bai sa a yi sakaci da shi ba, domin Suratul Isra'i, aya ta 26 da ta 27, ta yi hani mai tsanani ga almubazzaranci. Ga hanyoyin rage shi.

Na ɗaya, ƙa'idar Babban Bankin Nijeriya ta 2020 ta iyakance kuɗin kula da asusu ga naira 1 a kan kowace 1,000 da ka biya wani, ta kuma yarda a yi ciniki. Ɗan kasuwar da ke fitar da miliyan 5 a wata, sai a yanke masa har 60,000 a shekara. Mai wannan hali ya je ya nemi ragi.

Na biyu, ƙa'idar ta sa naira 10 ga aiken da bai wuce 5,000 ba, da naira 25 har zuwa 50,000. Wanda ya aika 50,000 kashi goma ya biya 100, wanda ya aika gaba ɗaya ya biya 25.

Na uku, a 2025 aka sa naira 100 a kan kowace 20,000 da ka cira a na'urar ATM ta wani banki, ta bankinka kuwa kyauta.

Na huɗu, ka karanta takardar lissafinka kowane wata. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kai kuwa mai bin banki bashi ne. In ka ga yankan da ba ka gane ba, ka kai ƙara a rubuce. In ba a share maka hawaye ba, sai ka tafi sashen kare haƙƙin masu hulɗa na Babban Banki.

A lura, bankunan da ba su ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, su ma suna karɓar ladan aiki. Saboda haka bincike bai faɗi a kan kowa ba.

Dukiya amana ce, za a tambaye mu inda muka samo ta da inda muka kashe ta. Allah Ya tsare mu daga riba, Ya sa albarka a cikin abin da muka mallaka, amin. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.