Ciwon Ƙafa Mai Tsai Da Manomi A Hanya

Ya ku hakimai da malaman gunduma na Isa da Sabon Birni, ku lura da dattijon da sharaɓarsa ke ɗaurewa in ya kama hanyar gona, in ya tsaya ta saki. Ba tsufa kaɗai ba ne. Jijiyoyin da ke kai jini ƙafa ne suka ƙuntata, galibi saboda taba, ciwon suga ko hawan jini.

Lalle ya bar taba. Ya riƙa tattaki na minti 30, sau 3 a mako, yana hutawa in ciwon ya tsananta. In ƙafar ta yi sanyi, ko gyambo ya ƙi warkewa, kada a yi sakiya. A kai shi asibiti maza, gama jinkiri kan jawo yanke ƙafa.