Chester Williams, Gwanin Zari-Ruga

Jama'a, yau za mu karanta labarin wani mutumin Afirka ta Kudu, sunansa Chester Williams. Amma bari mu fara faɗin wasan da ya yi suna da shi.

Ana kiran wasan nan zari-ruga. Ƙwallonsa kamar ƙwai yake. Mutum 15 ke nan, mutum 15 ke can. Ana ɗaukar ƙwallon da hannu a ruga da shi. Ba a jefa wa ɗan'uwa gaba, sai baya. Wanda ya kai shi bayan layin abokan karawa ya dangwara a ƙasa, ya ci.

An haifi Chester a garin Paarl cikin 1970. A zamanin nan Turawa ke mulkin ƙasar, sun ware baƙar fata, har wajen wasa. Duk da haka ya dage. Cikin 1993 aka sa shi cikin 'yan wasan ƙasa.

Cikin 1995 aka yi gasar duniya a ƙasarsu. Ana gab da farawa ya ji ciwo a cinya, aka cire shi. Bai fid da rai ba, ya yi jinya. Can sai aka dakatar da wani ɗan wasa saboda faɗa, aka kira Chester. Ran da suka kara da Samoa sau 4 yana ci. Shi kaɗai ne baƙar fata a cikinsu. Daga ƙarshe suka ka da New Zealand, 15 da 12, Shugaba Mandela ya miƙa musu kofi.

Sau 27 ya yi wa ƙasarsa wasa, na ƙarshe cikin 2000. Da ya bari, bai ɓoye abin da ya sani ba, sai ya zama mai koyarwa. Ya koyar da 'yan wasan ƙasarsa masu yin bakwai-bakwai, suka zo na uku a wasannin Kwamanwal na 2002. Ya koyar a Yuganda da Romaniya, kana ya komo gida yana koya wa ɗaliban jami'a. Ya rasu cikin 2019, yana da shekara 49.

Mun ga dai mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Tambayoyi

1. Mutum nawa ke kowane gefe a zari-ruga?
2. Don me aka cire Chester, don me kuma aka mai da shi?
3. Wane aiki ya kama da ya bar wasa?