Fatalwar Inji a Birnin Zazzau

 Yau a filin amsa tambayoyinku, wasiƙu biyu ne suka zo kan magana ɗaya, kuma duka daga cikin ganuwar Zariya suka fito, don haka zan haɗa su in amsa.

Ta farko daga wani matashi ce a Ƙofar Kuyambana, yana koyon aikin rewaya. Ya ce ya ga bidiyo a waya, Turawan Amurka sun rataya fatalwa a ƙofar gida, tana ɗaga kai tana miƙa hannu ita kaɗai, ba mai taɓa ta. Yana tambaya: yaya ake yi, kuma zai iya haɗa irinta kafin tashen bana?

To ɗana, ka iya mana. Abin da ka gani ado ne na bikin da suke kira Halowin, wanda ake yi daren 31 ga Oktoba. Mutanen Ayaland da Sikotland ne suka kai shi Amurka a ƙarni na 19, daga baya ya koma gasar ƙawata ƙofar gida da abin tsoro. Dabarar fatalwa mai shawagi kuwa wani Ba'amurke ne, Doug Ferguson, ya yaɗa ta a ƙarshen shekarun 1990, kuma babu tsafi ko ɗaya a cikinta. Inji ɗaya ne, da hannun ƙarfe ɗaya, da zare uku.

Ka samu katako ka haɗa shi kamar giciye ko harafin T, ka ɗaure shi sama a kwance. A tsakiyarsa ka kafa injin, bakinsa yana kallon ƙasa. Ka sa mai walda ya yanko maka faffaɗan ƙarfe mai tsawon taku ɗaya, a huda shi baki biyu. Baki ɗaya ka ɗaure shi a bakin inji. A ɗaya bakin kuma ka sa babbar washa mai huji uku a gefe, ka riƙe ta da noti biyu, amma kada ka matse ta. A nan gizo yake saƙar: in washar nan ba ta juyawa da kanta, kafin minti ɗaya zarurrukan sun nannaɗe juna, aiki ya tsaya. Daga kowane huji zare zai tafi zuwa zoben ƙarfe mai santsi a ƙarshen katako, irin zoben makulli ma ya isa, sannan ya sauko ƙasa. Ɗaya ya riƙe kai, biyu su riƙe hannuwa. Yayin da hannun ƙarfen yake zagayawa, sai ya matso kusa da zobe ɗaya ya nisanci wani, shi ya sa kai yana sauka hannun dama yana hawa, na hagu yana biye da shi a makare. Hannu mai taku ɗaya zai ba ka hawa da sauka na kusan taku biyu.

Inji fa? Ka leƙa wurin masu kayan gyaran mota a Sabon Gari ko Tudun Wada, ka nemi tsohon injin waifa. Da wuta mai ƙarfin bolt 12 yake aiki, batirin mashin ma zai ja shi. Matsalarsa gaggawa: yana juyawa sama da sau 40 a minti, kai kuwa sau 5 ko 6 kake so. Ka sayi ƙaramar na'urar rage gudu wurin masu kayan lantarki, ka sa fis tsakaninta da batir. Na san ubangidanka zai ce ai injin da ke juya faranti a tukunyar ɗumama abinci ta lantarki daidai wannan gudun yake yi. Gaskiya ne, amma wutar gida yake ci kai tsaye, ni kuwa ba zan ba ka shawarar shimfiɗa wayar wuta a wurin da yara ke tururuwa ba takalmi ba. Shi ma na waifa kada ka raina shi. Ƙarfin da ke share ruwan Agusta daga gilashin mota ba zai ji tausayin yatsa ba, don haka a rataye shi inda hannun yaro ba zai kai ba.

Kuma ka riƙe wannan: saurin motsi dariya yake ba mutane. Abin da ke sa tsigar jiki tashi shi ne abu ya ɗaga hannu a hankali, har mai kallo ya fara tambayar kansa ko idonsa ne ke yaudararsa.

Jikinta kada ya yi nauyi. Ƙaramar ƙwarya ko balan-balan ya zama kai, waya mai ɗan kauri ta zama kafaɗa da hannuwa, a lanƙwasa gaɓoɓin yadda za su yi lilo, sannan a yafa mata tsohon gidan sauro da aka wanke aka yayyaga. Zaren ya zama baƙi, ko na masunta. In ka samu fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita, ka wanke farin ƙyalle da garin wanki ka shanya ba tare da ɗauraya sosai ba. Akwai sinadarin ƙara haske a yawancin garin wanki, shi ne zai sa ƙyallen ya riƙa walƙiya cikin duhu in hasken fitilar ya sauka a kansa.

Sai wasiƙa ta biyu, daga wata Hajiya a Unguwar Juma. Ta ce jikokinta sun lulluɓe sanda da farin zane, sun jingine a lungu bayan isha'i, har wata maƙwabciya ta zubar da tiren tallarta ta ƙwala ihu. Tana tambaya: yaushe muka fara wasa da fatalwa, ba al'adar wasu ba ce?

Hajiya, Allah ya ƙara girma. Hukuncin sura da siffa na malamai ne, kuma wanda ke zaune tsakanin unguwannin Juma da Kona bai rasa wanda zai tambaya ba. Amma ta fuskar al'ada, bikin Halowin ba namu ba ne, ban kuma ga dalilin da zai sa mu aro shi ba. Shigar ban tsoro don nishaɗi kuwa mun daɗe da ita. Daga goma ga azumi yara ke fita tashe, wani ya manna auduga a haɓa ya zama tsoho, wani ya shafa gawayi da toka ya zama dodo, su bi gida-gida ana ba su hatsi ko 'yan kuɗi. Har a Wagadugu ta Burkina Faso akwai wasan Dodo da yara ke yi cikin azumi, wanda ake danganta zuwansa da Hausawa fatake. A jihar Binuwai kuma 'yan ƙabilar Tibi suna da wasan Kwagh-hir, na manyan 'yan tsana da ake motsawa daga ɓoye, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2019. Ke nan yaron da ya sa wa dodon tashe inji bai fita daga gida ba, ƙari ya yi.

Inda nake tare da ke ɗari bisa ɗari shi ne farin zanen nan da lungu. Ba'amurke ya ga farin ƙyalle, ado ya gani. Mutumin Zariya ya gan shi, likkafani ya gani, wataƙila ma makon jiya ya raka mahaifinsa makwanci. Kuma su can sun san ranar, kowa ya fito da shirin a tsorata shi, a fili mai fitilu. Lungunanmu na cikin birni, wani ma mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkace, ga tsofaffi masu hawan jini suna dawowa daga tarawihi, ga masu juna biyu, ga 'yan sintiri da ba sa jiran bayani cikin duhu. Garin neman gira sai a rasa ido.

Don haka ɗana na Kuyambana, shawarar da na ba ka ta farin ƙyalle, ka tsayar da ita a cikin zaure, inda mai shiga ya san abin da zai gani. Dodon da za ka fita da shi, ka yi masa jan baki da manyan kunnuwa da tsummoki masu launi, ko ka yi tsoho mai gemu yana gyaɗa kai. Tunda batir ne, a kan baro ma za ka iya kafa shi, da sanduna huɗu su riƙe katakon, abokanka na turawa ana kiɗa. Ka fara kai shi ƙofar mai unguwa da rana ya gani. Ka nisanci maƙabarta da ƙofar masallaci. In kuma aikin ya kama hannunka, ka ɗauke shi ka nuna wa malaman sashen injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello ko Kwalejin Nuhu Bamalli, domin wannan juya zagaye ya koma hawa da sauka, shi ne dai abin da ke cikin keken ɗinki.

Hajiya kuma, ki karɓe zanen, amma ki bar musu sandar.