Yadda A Ke Ajiye Doya a Agyaragu

A littattafan aikin gona da mu ke karantawa akwai labarin ɗakin da Turawa su kan haƙa a ƙarƙashin ƙasa, su zuba dankali da karas da kabeji, domin kada sanyin ƙasarsu ya daskarar da su. Mu kuwa a nan zafi shi ne abokin gāba. Saboda haka na ga ya kamata in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai yadda a ke ajiye doya a Agyaragu, wani gari kudu da Lafiya a kan hanyar Makurɗi, wanda kasuwarsa ta yi suna wajen doya.

Da fari dai sai mu sani doya tana da rai ko bayan an haƙe ta. Tana numfashi, ruwan jikinta yana raguwa kullum. Wadda aka haƙa tsakanin Nuwamba da Janairu ta kan yi kamar wata 3 tana barci, sa'an nan ta farka da zafin bazara ta soma tsiro. Tsiron nan kuwa jikin uwar ya ke sha, har ta motse ta yi sakayau.

To, manomi ya kan fara da zaɓe. Duk wadda fartanya ta sara, a ware ta, a shafa toka a bakin ciwon, a bar shi ya bushe, ita za a fara ci. Ruɓa daga rauni ta ke shiga, guda ɗaya kuwa ta isa ta ɓata ƙwarya, watau doya 100. Lafiyayyun sai a kai su rumfar ciyawa a inuwa, a jera bisa itace, ba a ƙasa ba, yadda iska za ta ratsa. Waɗansu su kan haƙa rami, su shimfiɗa busasshiyar ciyawa, su jera doya su rufe. Ramin yana da sanyi, amma ni na fi son rumfa, gama abin da ke cikin rami ba ka ganinsa, gara da gafiya suna ɓarna ba ka sani ba, ruwan farko kuma in ya same shi shi ke nan.

Kowane mako a zaga, a karye tsiro da hannu, a fid da ruɓaɓɓu. Wannan ƙaramin aiki shi ke kai doya Afrilu da Mayu, lokacin da ta ke tsada, shi ne kuma ke tsare iri.

Kada wani ya ce sai a sa ta a firji. In sanyi ya yi ƙasa da digiri 12, cikinta ya kan sāke launi ta lalace. Malamin da aka tura makaranta mai lambu, ya sa yara su auna doya 10 a sikeli ran da aka ajiye, su riƙa sāke aunawa kowane wata suna rubutawa a allo, biyar ana karye musu tsiro, biyar an ƙyale su.