Wuri: Kuɗin Kakanninmu

Ya kai mai karatu, ka san kakanninmu da wuri suke ciniki, shi ne ma asalin kalmar kuɗi. Amma ko ka san wuri ɗakin wata 'yar dabba ce mai rai? 'Yar'uwar dodon koɗi ce, sai dai ita a teku take zaune.

Ba ta son sanyi, ba ta son zurfi. Mazauninta bakin Tekun Indiya da na Pasifik, inda ruwa ke da ɗumi, a tsakanin duwatsun murjani. Da rana takan ɓuya a ƙarƙashin dutse. In dare ya yi sai ta fito tana rarrafe, tana kankarar gansakuka tana ci. Tsawonta bai cika wuce inci ɗaya ba. Macen kuwa kwanci take yi bisa ƙwanta har su ƙyanƙyashe.

Ɗauki wuri ka duba. Ka ga santsinsa da sheƙinsa? Dabbar tana da wata fata mai taushi wadda takan fito da ita ta lulluɓe bayan ɗakin, tana yi masa shafe a kai a kai. Tun tana ƙarama ɗakin ba shi da kauri. In ta girma sai bakinsa ya naɗe ciki, ya yi haƙora, ya yi ƙarfi. Don haka ya dace da ciniki, gama ba ya ruɓewa, ba ya saurin fashewa, ba kuwa mai iya ƙera na jabu.

A tsibiran Maldib aka fi samunsa. Mutanen can sukan jefa ganyen kwakwa cikin ruwa, dabbobin su manne, sa'an nan a jawo a shanya a rana har naman ya ruɓe. Daga can 'yan kasuwa suka yi ta kawo shi ƙasashenmu. Sa'ad da Bature Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ake ba da liyari ɗaya na azurfa. Wuri 20,000 shi ne keso guda.

Daga baya Jamusawa suka riƙa jibgo wani iri daga Zanzibar, har ya yi yawa, darajarsa ta faɗi. Mai ajiya ya yi hasara, ɗaukarsa ta zama wahala. To, ka lura: kowane irin kuɗi, in ya fi kayan kasuwa yawa, ƙarfinsa raguwa yake yi.